Addu'ar Sallama a Zauren Gidanmu

Ko an so in manta, ba zan taɓa mantawa da ranar intabiyuna ba. Na gama digirin digirgir a kan sauron da ya daina jin magani, na dawo Tambuwal na zauna ina ta aika takardu har na gaji da kaina. Can wata jami'a a ƙasar waje ta amsa: suna da gurbin bincike na masu irin digirina, za su gana da ni ta bidiyo. Gurbin nan kaɗai ya rage mini.

Kuskurena ɗaya, na gaya wa Inna. Ni na ce intabiyu, ita kuma ta aika wa dangi a Kebbe cewa yaro zai tafi.

A gidanmu sabis ba ya kamawa sai a zaure (duk wanda ya san zaure ya san ba wurin sirri ba ne). Na ɗora kwamfuta a kan turmi, na saka kwat ina zufa. Farfesoshi uku suka bayyana, wata mai farin gashi ta ce in bayyana abin da zan ƙara wa ɗakin bincikensu. Na buɗe baki ke nan na ji sallama. Kawuna ne, yayan Inna, da malamai cike da mota, sun zo yi mini addu'ar sallama.

Na yi masa nuni da kwamfutar. Ko kallonta bai yi ba.

"Aje wagga na'ura, ɗana. Mi kaka jira? Ɗaga hannu."

To, ni dai ban taɓa ce wa Kawu dakata ba, kuma ba ranar zan fara ba. Na durƙusa, na ɗaga hannu. Ban kashe murya ba, ban kashe hoto ba. Farfesoshin na ganin ƙeyata, ina jin matar tana kiran sunana a hankali, ni kuwa ina ta amin. Kowane malami sai da ya ja tasa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Da aka shafa Fatiha na juyo, babu kowa a allon sai fuskata.

Saƙon ba da haƙuri bai daɗe ba ya iso. Da Kawu ya ji, ko a jikinsa.

"Ai addu'a ta ci. Mun roƙi in babu alheri cikin tahiyar, Allah shi hana."

Har yau in na shiga kasuwa akwai masu yi mini barka da dawowa, na gaji da bayani, sai in ce lafiya lau na baro su. Ina nan ina ci gaba da aika takardu. Amma in an sake kirana, Inna ba za ta ji ba sai jirgi ya tashi.