Goron Gwaggo ya bi ruwa

A zamanin Turawa na dawo Bodinga daga fataucin Gwanja a gajiye, na tarar Gwaggo ta aiko daga Shagari cewa na yar da zumunci. Na ɗauki huhun goro na kama hanya don in wanke kaina.

Damina ce, rafin da ke hanya ya kawo. Wani tsoho cikin masu fito ya ce, "Malam, bari mu hitar da kai, ruwan ga na da rami."

Ni da na ƙetare Kwara, na ga teku a Ikko? Na gode masa da Hausa, na raina shi da Yarabanci, na naɗe wando na shiga. Ban tuna cewa waɗancan ruwaye duk a jirgi na ƙetare su ba.

A tsakiya ƙasa ta ɓace mini. Tsohon ya jawo ni da rawanina, goro kuwa ya wuce.

Gwaggo ta dube ni ina ɗiga, ta ce, "Ruwa kak kawo, ɗana? Ai muna da shi."

Har yau in na je Shagari, ko ruwan alwala aka zubar a tsakar gida, sai wani ya ce, "Ku riƙe mashi hannu, kar ruwa shi tai da shi!"