Ranar da Na Kulle Doki da Kwaɗo

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba ya fara ne ranar wata Litinin. Na dawo daga aiki a unguwar Bassa, cikin Douala, ko takalmi ban cire ba, Baba (Allah ya jiƙansa) ya ce Goggo Asabe ta yi waya. Za a ɗaura auren autarta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, shi ne waliyyi, goron ma daga hannunsa ake jira. Ƙauyen yana bayan Banyo, kan duwatsu. Inda mota ta tsaya, sai dawakai, da kwana ɗaya a daji.

"Za ka iya?" in ji shi.

Na ce haba Baba, ni da na girma a unguwar New Bell?

Ranar Alhamis muka haɗu da Malam Buba, mai dawakan, wani Bafulatani marar yawan magana. Baba ya hau ɗaya, aka ɗora goro da atamfofi da tabarmi a kan biyu, ni da Buba muka bi a ƙasa. Da yamma muka sauka bakin wani rafi. Buba ya sauke kaya, ya yi wa dawakan dabaibayi da 'yar igiya, ya sake su suna kiwo. Shi ke nan fa. Ba shinge, ba mai gadi.

Hankalina ya ƙi kwanciya. A unguwarmu ko bokiti ba ka bari a waje. Ga shi a jakata akwai sarƙa da kwaɗon da nake ɗaure motona, wato babur (na ɗauko su ne don ɓarayin tasha, ban ko yi amfani da su ba). Bayan isha'i na lallaɓa na jawo farin dokin, wanda ya fi ƙarfi, na zagaya sarƙar a ƙafarsa ta gaba, na zagaya ta a jikin wata bishiya, na danna kwaɗo. Bishiyar ma sai da na zaɓi mai ƙwari. Na kwanta ina jin kaina mutum mai dabara.

Da asuba Buba ya tsaya a kan dokin ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, zo ka gani. Ɗanka ya kama ɓarawo."

Na ce, "C'est la sécurité, Baba, tsaro ke nan." Na sa hannu a aljihu ina murmushi. Sai a lokacin na tuna makullin kwaɗon yana haɗe da na moto, moton kuwa na bar wa ƙanina a Douala.

Baba bai yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi min ciwo. Ya dubi rana, ya dubi huhun goro, ya tambayi Buba wace bishiya ce.

"Ƙirya."

"Madalla," in ji Baba. "Duk dajin nan ita ya gani."

Mun buga kwaɗon da dutse, dokin ya nemi harbinmu. Ba yadda za a yi sai sare bishiyar, kuma adda ɗaya gare mu. Ban san ƙirya ba sai ranar. Kana sara, addar tana dawo maka. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Rana ta ɗaga sosai kafin bishiyar ta faɗi, muka zare sarƙar ta saman kututturen, Buba ya naɗe ta a ƙafar dokin.

Juma'a ta wuce mu a hanya. Ina ganin Baba yana ta zungurar dokinsa da diddige. Mun shiga ƙauyen gab da la'asar, farin doki yana kacau-kacau kamar mai rawa. Ashe jama'a ba su watse ba, suna nan zaune a ƙofar masallaci, ango ya yi zuru-zuru. Liman ya tambayi ko lafiya. Buba, wanda tun jiya bai yi magana goma ba, ya gyara tsayuwa ya ba da labarin tun daga farko, da Hausa, sannan ya maimaita da Fulatanci don kada wani ya rasa. Baba ya yi dariya har yana share hawaye da bakin rawani. Aka ɗaura aure, aka raba goro, kowa ya karɓa sai ya leƙo ya ga ɗan Douala.

Na dai koyi cewa idan ka je wurin da mai doki ya yi barci, kai ma ka yi barci.

Maƙerin garin ya yanke zobe ɗaya ya cire wa dokin sarƙar. Goggo ta riƙe ta da kwaɗon, ta ce ƙofar rumbunta za ta sa wa, in kawo mata makulli da hannuna, ba ta son aike. Baba ya ce mu bari sai bayan babbar Sallah, mu koma tare. Bai kai Sallar ba. Makullin yana wurina, har yau ban kai mata ba.