Gasasshen Naman Tiago

Muna ɗalibai a Dubai, ɗaki guda muka kama a Satwa, ni da Isufu ɗan Nijar da Tiago ɗan Brazil. Ranar da Tiago zai gasa mana nama irin na garinsu, tun safe na ƙi cin komai.

Da ya miƙo faranti, na gyara zama irin na ɗan babban gida, na ce, "Na ƙoshi." Jira nake ya matsa mini, kamar yadda ake yi a gida.

"Khalas, shi ke nan," in ji shi, ya tura wa Isufu. Mugun Isufu ya san al'adar sarai, amma ya cinye, har yatsu ya suɗe.

Ina kewar ɗakin nan. Har yau in Isufu ya bugo waya, gaisuwarsa ke nan: "Alhaji, an ƙoshi?"