Yadda Sallau Ya Zaunar da Tsohon Kati

Duk wanda ya san Tudun Wada ya san garejin Sallau. Ko bai taɓa kai mota ba, ya ga allon da ke bakin ƙofa, inda aka rubuta da jan fenti: BABU ABIN DA BA YA ZAMA. Kuma wallahi ba ƙarya ya rubuta ba, komai yana zama, sai dai kar ka tambayi yadda aka yi. Ni shaida ne. Ƙofar motata ta wajen direba ce take buɗewa da kanta duk lokacin da na faɗa rami, na kai masa. Da na koma ɗauka ya ce, "An gama, ba za ta sake buɗewa ba." Ashe walda mutumin nan ya bi ta da ita! Har yau ta gefen mai zaman banza nake shiga, ina tsallake giya da babbar riga, yaran layi suna min dariya. To in kun ji ina ba da labarin nan da ɗan zafi, ku yi min uzuri.

Shagon da ke jikin kemis ɗina na Kubura ne, mai haɗa bidiyon biki. Ita da Sallau taubasai ne, mahaifiyarta Gwaggo Yalwa ƙanwar baban Sallau ce. Kun dai san wasan taubasai, in suka haɗu babu mai raga wa wani, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya.

Can baya, lokacin Sallau yana zuwa Kwatano ɗauko motoci, Kubura kuma tana fara sana'a, ya taɓa kawo mata tsarabar katin hoto. Ga wanda bai sani ba, wani ɗan allo ne mai fanka a jiki, ana cusa shi cikin kwamfuta, shi ke fitar da hoto a fuskarta. Katin ya yi aiki a zamaninsa, ba a hana shi. Amma gori! Ko a wajen suna aka haɗu sai Sallau ya ce, "Kun ga Hajiyar nan? Duk wannan ƙibar katina ne." Shi mutum ne mai kyauta, sai dai kyautarsa ba a ajiye ta. Ko takalmin da ya kawo mata da sallar bara, wanda ya matse ta har ta yi ɗingishi, in ya gan ta da wani a ƙafa sai ya tambayi ina nasa.

Ana nan sai Kubura ta samu aikin da ba ta taɓa samun irinsa ba, bikin 'yar wani ɗan kwangila, an ɗauka da manyan kyamarori. Tsohuwar kwamfutarta ta ga bidiyon ta ce ba da ita ba. Sai ta kira Nafi'u, injiniyan kwamfuta, ya harhaɗa mata sabuwa fil, da sabon madabod, wato babban allon nan da komai na kwamfuta ke hawa kansa. Abu ɗaya ya rage, sabon katin hoto, Nafi'u ya ce yana hanya daga Legas. Uwar amarya kuwa ta kafa wa Kubura waya safe da yamma, ta ce in bidiyo bai fito kafin amarya ta bi mijinta ƙasar waje ba, za ta karɓi aikinta, kuma kowa a garin nan sai ya ji.

Ina shagon ranar da Sallau ya leƙo. Idonsa bai sauka ko'ina ba sai kan taga, inda tsohon katin yake, an ɗora masa kofin shayi.

Ya ce, "Kubura, wancan ba katina ba ne?"

Ta ce, "Shi ne. Ya yi ritaya, muna jiran ka kawo masa fansho."

"Ritaya? Katin da na ɗauko tun daga Kwatano a aljihun gaba? Wa ya ce ya gaji?"

Nafi'u ya taso da ladabinsa, ya ɗauko katin ya nuna masa. "Oga Sallau, lafiyarsa ƙalau, amma ba shi da wurin zama a nan. Dubi haƙoran da ke ƙasansa, ka dubi ramin da ke jikin sabon madabod. Ba iri ɗaya ba ne. Irin raminsa an daina yi tun ina makaranta. Ko tura shi ka yi da ƙarfi ya shiga, ba za su gane juna ba, wutar da suke ci ma daban ce."

Sallau ya yi wata dariya har da riƙe ciki. "Yaro, ni kake gaya wa rami? Ni da na ɗora injin bas a kan Fijo, ta je Maiduguri ta dawo?"

Na ce, "Ta dawo kam, a bayan tirela."

Ya ce, "Kai da kai ake? Ƙofarka ta sake buɗewa?"

Gaskiya dai ba ta sake ba.

Kubura ta ce, "Sallau, ka ga, wasa wasa ne, amma wannan kwamfutar abincina ce. Ko ƙurar jikinta ban yarda ka hure ba. Kama hanyar garejinka."

Ya fita, muka ɗauka magana ta mutu. Ashe gidan Gwaggo Yalwa ya zarce. Ita kuwa Gwaggo, in dai Sallau ne, ko ƙarfe ya ce mata tuwo ne sai ta nemi miya, ɗan marigayi yayanta ne, ba ta son ganin ransa a ɓace. Ba a jima ba wayar Kubura ta yi ƙara. Daga kemis ina jiyo muryar tsohuwar.

"Ke yanzu don Allah ya buɗa miki, shi ne za ki ɗora kofi a kan kyautar ɗan'uwanki? Ya ce zai gyara, ki ba shi ya gyara mana! Shi da yake gyara tirela, wannan ɗan akwatin ne zai gagare shi?"

"Inna, ba irin aikinsa ba ne..."

"In ni na haife ki, ki ba shi."

To, ina mutum zai kai wannan? Kubura tana hawaye ta miƙa kwamfutar nan, har da fuskarta shafal. Har bakin titi ta bi shi tana cewa, "Katin kawai! Ka gwada, in ya ƙi ka dawo min da kayana yadda suke." Sallau ya ɗaure ta da roba a bayan babur ya ce, "Kwantar da hankalinki, baiwata. Sai ya zauna."

A kwanakin da suka biyo na ga Sallau yana ta zirga-zirga wajen 'yan gwangwan, kullum ya dawo da wani abu a buhu. Raina bai so ba, amma ban gaya wa Kubura ba, don ta riga ta daina cin abinci. Da ta kira shi sai ya ce, "Saura ƙiris."

Ran da sabon kati ya iso daga Legas, Nafi'u ya kawo shi shago da safe, yana cikin kwalinsa. Kubura na shirin zuwa gareji ta ƙwato kayanta sai ga a-daidaita-sahu ta tsaya. Sallau ne ya fito ya sha shadda, ga Gwaggo Yalwa a bayansa, wai ya ɗauko ta ta ga abin da idonta. Aka shigo da akwatin kwamfutar. Abin da na fara gani, an yanke bayansa da giranda, an yi masa facin ƙarfe da walda, har an shafa fenti. Aka kuma shigo da wata fuskar kwamfuta irin ta da, mai ƙatuwar ƙeya, sai da mutum biyu suka kama.

Kubura ta ce, "Wannan kuma fa? Ina tawa shafal?"

Sallau ya ce, "Ke dai zuba ido."

Ya jona wuta ya danna. Abin ya ɗauki ƙugi kamar injin markaɗe, ya yi tari, ya yi shiru, ya sake ɗauka. Muna tsaye har ƙafata ta fara sanyi. Can sai ga hoto ya fito, tar!

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. "Allah ya yi maka albarka, ɗan yayana! Ke kin gani? Da kin biye wa wancan yaron."

Nafi'u ya tsaya baki buɗe. Ya ce, "Wallahi wannan ba zai yiwu ba. Oga, don Allah bari in leƙa ciki."

"Leƙa mana, ka ƙaru."

Ya kwance murfin ya leƙa. Ga tsohon kati nan zaune daram, fankarsa na juyawa. Nafi'u ya daɗe a sunkuye, sannan ya ɗago a hankali. "Oga Sallau, ina madabod ɗin?"

"Ga shi nan a gabanka."

"Wannan ya girme ni a sana'a. Sabon nake tambaya."

Sallau ya gyara hula, ya juyo wajenmu don kowa ya ji. "Yauwa, ai nan aikin yake. Da na duba sai na ga gaskiyarka, ramin ya yi wa katin kaɗan. Na sa zarto na ɗan buɗa shi. Katin ya shiga, na ba shi wuta, sai ya ɗan yi hayaƙi. Nan na gane ashe duk rigimar daga madabod ɗin ne, ba shi da ƙwari. Na cire shi, na samo wanda ya san darajar kati."

Kubura ta dafa tebur. "Ka sa masa zarto?"

"Kaɗan. To shi kuma wannan da na samo, sai ya ce bai san ƙwaƙwalwar da ke ciki ba. Na cire ta, na samo tasa. Ita kuma ta ƙi ma'ajiyar bidiyon, wayarsu ba ɗaya ba. Na cire. Tukunyar wutar ma ta kawo nata iyayin, na cire. Fuskar nan taki shafal kuwa ko ramin wayar katin ba ta da shi, ita ma na sauke ta. Ai ni ƙa'idata ɗaya ce, duk abin da ya hana zama lafiya, waje."

Nafi'u ya ce, "To yanzu me ya rage a cikin sabuwar kwamfutar?"

Sallau ya yi ɗan tunani. "Makunnin. Shi bai ba ni matsala ba."

Ni dai dariya ta taso min, na danne, don na ga fuskar Kubura. Sallau ya jawo buhu daga cikin a-daidaita ya ajiye mata. "Ga tarkacenki nan, ban riƙe ko ɗaya ba. Madabod ɗin ne kawai na bari a gareji, muna zuba notuna a kai, ya yi daidai da faranti."

Nafi'u ya zazzage buhun da sauri, ya lalubo ma'ajiyar, ya jujjuya ta. Ya ce, "Hajiya, bikin yana nan, bai taɓa wannan da zarto ba. Amma sai an nemo wani madabod, kuma ba a garin nan ba."

Daidai nan wayar Kubura ta fara ruri. Uwar amarya ce. Ta kalli wayar, ta kalli ƙatuwar ƙeyar nan da ke ƙugi a kan teburinta, ta sulale ta zauna a kujera. Har tausayi ta ba ni.

Sallau kuwa idonsa ya kai kan kwalin da ke hannun Nafi'u. "Wannan ne sabon katin? Ai yanzu ba zai shiga nan ba. Kawo shi in zaunar da shi."

Nafi'u ya tura kwalin cikin riga, ya ja da baya har ya taka ni.

Gwaggo Yalwa ba ta gane komai a cikin zancen ba, ita dai ta ga hoto ya fito. Ta ce, "Ke Kubura, ko godiya ba za ki yi ba? Yaron nan hannunsa akwai albarka. Tunda abin ya zo, har takalmin nan da ya kawo miki da sallah, da kike ta mitar yana matse ki, ki ba shi ya duba."

Sallau ya ce, "Af, dama matse ki yake yi? Shi ne ba ki faɗa ba? Kawo shi, gobe war haka zai shige ki daidai."

Kubura ta janye ƙafafunta a hankali, ta tura su ƙarƙashin kujera, ta ja zane ta rufe.

Ta ce, "Na san zai shige ni, Sallau. Yatsun ne ban gama amfani da su ba."