Yadda Za Ka Kare Kujerarka Daga Tokar Kwamfuta

Shekara talatin da ɗaya ina haɗa launin ruwan toka da ido a shagonmu na buga takardu. Bana 'yata ta cikina ta rubuta layi ɗaya a kwamfuta, ta nemi mayar da ni mai gadin ƙofa. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci babu mai taɓa kujerarka. Ga tawa nan, ina kai.

1. San maƙiyinka

Allon kwamfuta da haske kala uku yake haɗa launi, injin bugawa kuma da tawada huɗu. Shi ya sa tokar da ka gani tsaf a allo takan fito a takarda kamar ta kwana a kwata. Da wannan rashin jituwa na ci na sha, na aurar da ƙanne biyu. Sai yarinya ta ce wai akwai wani rumbu da masu rubuta manhaja suke ɗibar kayan aiki, ta zuba nata a ciki: ka ba shi lamba, sifili baƙi, ɗaya fari, ka gaya masa allo ne ko takarda, ya miƙo maka toka. Shi ke nan fa. Shekara talatin!

2. Gyaɗa kai

In tana bayani, ce, "Mun san wannan tun ba a haife ki ba." Kada ka yi tambaya. Tambaya ita ke tona asirin babba.

3. Raɗa wa toka sunaye

Inji lamba kawai ya sani. Kai kuwa ce akwai tokar hadari, akwai ta bayan jaki, akwai ta gemun surukin da bai yarda da kai ba. Mai kawo aiki zai rikice, ya dawo gabanka ya rusuna.

4. Nemi gwaji a gaban jama'a

A nan ya kamata in tsaya, amma bakina ya riga ni. Ta buga tata, na haɗa tawa, muka jera a tebur. Ga mai yankan takarda, ga tela maƙwabcinmu.

Na nuna tata. "Wannan ai rawaya ce, kamar haƙoran mashayin taba."

Tela ya sosa ƙeya. "Maigida, tata dai toka ce. Taka ce ta ɗan yi shuɗi."

"Kai da ɗinkin aljihu ya gagara, kai ne za ka koya mini launi?"

'Yata ba ta yi dariya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ta sassauta murya. "Baba, yaushe rabonka da likitan ido?"

5. Je asibiti, amma ce rakiya ka yi

Likita ya ce yanar ido ce gare ni, komai da ɗan rawaya nake ganinsa. Ashe shekara da shekaru ina ƙara shuɗi, ina gyaran abin da bai lalace ba.

6. Karɓi abin da ya samu

Ikon Allah, masu kawo aiki suka fara ƙorafi: tokar inji ba ta da rai, irin ta da suke so. 'Yata ta auna kuskurena, ta saka shi a kwamfutar shago, ta sa masa suna Tokar Baba. Yanzu latsawa ɗaya ake yi ta fito. Kullum ana kawo mini takarda a ce, "Baba, duba mana." Bayan an gama bugawa. Nakan duba, in gyaɗa kai.

Gargaɗi

Wanda ya bi wannan shawara, shi ya jiyo. Musamman idan an cire maka yanar ka dawo gida, ka ga falon da ka shafe da hannunka da sunan ruwan toka shekara takwas da suka wuce shuɗi shar, uwargida kuma ta harɗe hannu a bakin ƙofa tana cewa, "Na faɗa maka tun ranar, ka ce mata ba su san launi ba."

Wannan ba ruwana. Ni ma ina neman mai fenti.