Adaftar Gem Ɗin Marigayi

Malam Tasi'u mutum ne mai furfura da iyali, amma in ka ga ya rufe ƙofar falo ranar Asabar da hantsi, to ba lazimi yake yi ba, gem yake bugawa. Tsohon gem ne, irin mai kaset ɗin nan da sai an hura masa iska kafin ya tashi. Na yayansa ne, marigayi Gambo. Ranar rabon gado kowa idonsa na kan fili da babur, shi kuwa gem ɗin ya rungumo, don a gabansa suka yi ƙuruciya suna faɗa kan wa zai fara. Yana son abin nan so na gaske, ko ƙura ba ya bari ta hau shi.

Rannan aka kawo wuta da ƙarfi, adaftar da ke ba shi wuta ta yi ƙauri ta mutu, Allah ya taimaka gem ɗin ya tsira. Mai gyaran rediyon unguwa ya juya shi, ya nuna wa Malam lamba tara a gindinsa. Ya ce ƙarfin wutar da yake sha ke nan, a nemo adafta mai tara cif, in ta ɗara haka to sai dai wani gem ɗin ba wannan ba.

Malam ya naɗe shi a tawul ya hau adaidaita sai kasuwar 'yan kayan wuta. Ya faɗa shagon wani saurayi mai bakin nan da zai sayar wa kurma rediyo. Saurayin na jin bayani ya zura hannu cikin kwali ya zaro wata adafta, ya goge ta a rigarsa.

"Baba, ka zo gidan sauƙi. Wannan ita ce maganin kowane gem."

Malam ya sa tabarau ya duba jikinta. "Ɗan nan, sha biyu na gani a rubuce. Tara aka ce mini."

"To ai ka ci riba. Tara taka ce, ukun kuma gyara na yi maka. Mu a nan ba ma barin dattijo ya tafi haka."

"Na gode. A rage gyaran."

"Ba a ragewa, haka ta zo daga kamfani. Kawo shi mu jona a gabanka ka gani. Ƙa'idar aikin ɗaya ce, in dai baki ya shiga rami, to ita ce."

Ya miƙo hannu zai warware tawul. Malam ya ja kayansa ya matse a hammata.

"In kuma ya ƙone fa?"

"Akwai garanti. Ka miƙo mini adaftata in canza maka wata nan take, ba tare da musu ba."

"Gem ɗin fa?"

"A'a, Baba, ai shi ba a wurina ka saya ba."

Malam ya fara laluben takalminsa da ƙafa. Saurayi ya ga ciniki na neman suɓucewa, sai ya gyara murya ya koma wa'azi.

"Haba Baba, da girmanka da iliminka kake tsoro? Komai fa ƙaddara ne. In kwanan gem ɗin nan ya ƙare, ko adaftar da aka haife shi da ita ka sa masa sai ya tafi. Ajali ba a guje masa."

Malam Tasi'u ya gyara zaman tawul, ya cire tabarau ya sa a aljihu.

"Gaskiya ka faɗa. Amma ni a sanina ajali shi yake zuwa ya sami mutum har gida. Ban taɓa jin wanda ya hau adaidaita ya zo kasuwa yana taya shi ba."