Fim ɗin Hajiya da Waƙoƙin da Na Tsallake

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a unguwar Maamobi ba, ranar da na zauna gaban matar da nake fatan ta zama surukata na ɓata sunan mutumin da ta fi shekara arba'in tana yi wa kuka. Mutumin ma ba na gaske ba ne. A fim yake.

Ni kayan mota nake sayarwa a kasuwar Abossey Okai. Da tebur ɗaya na fara, yau shagona biyu, kuma abin da ya kawo ni nan shi ne ba na son dogon zance. In makanike ya fara ba ni labarin yadda mota ta mutu masa a hanya, sai in ce, "Masta, wane ƙarfe ne ya lalace?" Ya faɗa, in ɗauko, mu rabu lafiya.

Shekara uku bayan rasuwar matata na haɗu da Rabi, mai sayar da atamfa a kasuwar Nima. Ita ba yarinya ba, ni ba yaro ba, muka fahimci juna da wuri. Amma ta ce in mahaifiyarta ba ta sa albarka ba, to babu magana.

"Mutum biyu Mama ta kora kafin kai," in ji ta. "Ɗayan don ya amsa waya tana magana."

A cikin hira ta ba ni labarin wani tsohon fim ɗin Indiya na 'yan wasan da ke yawo gari gari da babban tanti. Marigayi babanta ya kai mahaifiyar tata, Hajiya, sinima suka kalle shi suna sabon aure. Kaset ɗinsu ya lalace tuni, idon Hajiya kuma ya yi rauni. Har yau ban san abin da ya shiga bakina ba, sai na ji na ce, "Ai na san shi! Sau nawa na kalla!" (Ban taɓa jin labarinsa ba sai a wannan minti.)

Washegari na tafi unguwar Circle wurin wani mai sayar da finafinai a bayan tasha. Na ce masa akwai tanti, akwai giwa, akwai mace mai tafiya kan igiya da namiji mai hura wuta da baki. Ya zuba mini a filashi. Ranar Asabar na kunna a shago, sai na ga awa uku ne cur. Wa ke da awa uku? Don haka duk inda na ga wani ya ware hannuwa kiɗa ya tashi, sai in tura gaba. Waƙa ai hutu ce, labari yana wurin magana. Kafin la'asar na gama, har na sayar da fitilar mota biyu a tsakani.

Gaskiya labarin bai zauna mini daidai ba. Mutane suna bayyana suna ɓacewa babu dalili. Amma na cike gurabun da hankalina, na ce Indiyawa ne, haka suke.

Lahadi bayan azahar na isa da babbar riga da filashi a aljihu. Hajiya tana kan kujera, ƙanwarta Anti Memuna tana gefe tana tsince shinkafa, Rabi ta kawo sobolo, wato zoɓo, mai sanyi. Kafin a gama rubutun farkon fim ɗin maƙwabta sun cika bakin ƙofa.

"Matso nan, ɗana," in ji Hajiya. "Idona hazo kawai yake gani. Rabi ta ce ka san fim ɗin. Yau kai ne idona."

Farko na yi ƙoƙari. Ga tanti, Hajiya, ja da fari. Ga giwa an ɗaura mata ƙararrawa. Ga yarinyar ta hau igiya da laima a hannu. Tana ta gyaɗa kai. Da na tsaya a abin da ido ke gani, da na fita da mutuncina. Sai na so in nuna ilimi.

"Wannan mai hura wutar yayanta ne," na ce.

"Yayanta?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ki ji yadda take masa faɗa kan bai ci abinci ba?"

Hajiya ta ce, "To."

Kiɗa ya tashi. Hannuna ya tafi wurin rimot da kansa, Anti Memuna ta buge shi kamar ƙuda. Na zauna ina kallon waƙar a karon farko. Yaya da ƙanwar nan tawa suka fita daga tanti, sai ga su a kan dutse mai ƙanƙara. Suka gangaro cikin furanni suna birgima. Ta canza kaya sau biyar. Ya durƙusa ya sa mata zobe.

"Me suke yi yanzu, ɗana?"

"Suna... gaisawa, Hajiya."

"Alhaji," in ji Anti Memuna, "a gidanku haka wa da ƙanwa ke gaisawa?"

Bakin ƙofa ya ɗauki dariya. Na ce na yi kuskuren baki, ɗan baffanta ne, auren zumunci. Rabi ta kalle ni ta kalli silin.

Daga nan kaina ya kwance. Na riga na sanar da cewa jaririn da za a gani nan gaba tsintarsa aka yi a ƙofar tanti. Sai waƙa ta uku ta zo, aka ɗaura aure a cikinta, damina ta wuce, ciki ya fito, aka haihu, duk kiɗa bai tsaya ba. Har na leƙa bayan talabijin in ga ko filashin da na kawo ne. Ko mutumin Circle ya zuba mini fim biyu? Fuskokin dai su ne, giwar ita ce, amma labarin ban taɓa haɗuwa da shi ba.

Da aka kusa ƙarshe na ce bari in farfaɗo da abu ɗaya da na tabbata da shi. A kallona na shago, bayan waƙar ƙarshe babu mutumin, babu giwa, yarinyar tana kuka, mai tantin yana riƙe da sarƙar giwa babu komai a jikinta. Lissafi a fili yake.

"Hajiya," na ce da ƙarfi don kowa ya ji, "kada ki yarda da mutumin nan. Guduwa zai yi ya bar ta da jariri, kuma da giwar zai tafi. Na san irinsu. Kafin ya kai gari na gaba ya sami mai saye."

Anti Memuna ta ajiye tiren shinkafa.

Waƙar ta fara. Tanti ya kama da wuta. Mutumin ya fito da matarsa da ɗansa, sannan ya koma cikin hayaƙi ya kwance giwar. Giwa ta fita. Ginshiƙin tanti ya faɗo masa. Hajiya, wadda ba ta jin Indiyanci, tana bin waƙar kalma bayan kalma, hawaye na sauka kan mayafinta. Matan bakin ƙofa ma suna sharɓe. (Ni ma idona ya yi yaji, amma wata maƙwabciya tana hura gawayi a lokacin.)

Da aka gama Hajiya ta share fuska ta juyo inda take jin numfashina.

"Ɗana, ka kalli fim ɗin nan?"

"Na kalla jiya, Hajiya. Ban da waƙoƙin."

"Duka?"

"Duka."

"Ei!" in ji Anti Memuna. "Ya je wurin mai waakye ya cinye ganyen ƙunshin ya bar shinkafa da waken."

Na fara laluben takalmina da ƙafa. A raina na riga na zama na uku.

"Zauna," in ji Hajiya. "Ƙaryar ba ta dame ni ba. Baban Rabi ma ya ce mini yana da keke, ashe na aro ne. Abin da ya dame ni, 'yata mai dogon labari ce. In za ta gaya maka abin da ya ɓata mata rai a kasuwa, daga trotro, motar hayar da ta hau, za ta fara. Damuwar a tsakiya take sa ta. Kai da ke tura gaba, yaushe za ka same ta?"

Ta miƙa hannu aka ba ta rimot, ta cusa shi ƙarƙashin zaninta.

"Ka dawo Lahadi mai zuwa. Daga farko."

Lahadi huɗu na yi ina zama awa uku uku, wayata a kashe. A ta biyar ta ce in turo manyana.

Har yau ban gane yadda suke zuwa dutsen ƙanƙara daga tanti su dawo kafin a ɗaga labule ba, na kuma daina tambaya. Abin da na koya dai shi ne, in ka yanke rabin labari don sauri, kada ka cike gurbin da halin 'yan kasuwarku, balle a gaban surukai. Kuma in Rabi ta ce, "Ka san da na shiga trotro yau," sai in gyara zama.